Kalmar da ta kori Gwaggo Habsu daga asibiti

Shekara tara ke nan cif da rasuwar Gwaggo Habsu, ƙanwar mahaifina, idan an bi lissafin watan Musulunci. A kalandar ofis kuwa da sauran wata uku da ƴan kwanaki. Na faɗi duka biyun ne domin kada wani ya kama ni da kuskure a layin farko, ya sami hujjar ƙin karanta sauran.

Ba a gabana abin ya faru ba. Lokacin ina ajin ƙarshe na sakandare, ina zaune a Sabon Gari cikin Maraɗi. Abin da zan rubuta na same shi daga bakin mutum biyu: mijinta, Malam Illa, da Saratu, wata Kirista ƴar Tibiri wadda ke jinyar mahaifiyarta a gadon da ke kusa da na Gwaggo. Na tambaye su daban-daban, ba sau ɗaya ba. Inda suka saɓa zan faɗa.

Gwaggo manomiyar zogala ce a fadamar Jiratawa. Duk ranar da ta kawo kaya kasuwa sai ta biyo ta ɗakina da ƙunshin ganye, ta tsaya a bakin ƙofa tana kirana Mushe, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, tun ban zama komai ba. "Mushe, ci wannan," in ji ta, "Faransanci ba ya riƙe ciki." Bayan haihuwarta ta ƙarshe ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, Malam Illa ya kawo ta asibiti cikin gari tare da jaririyar. Zamanin ne na bayan babban taron ƙasa, lokacin da jam'iyyu suka cika gari, albashi ya daina zuwa, yajin aiki ya zama kamar sana'a. Allura da auduga da safar hannu duk mai jinya ne ke sayowa. An rubuta wa Malam Illa takardar magani, ya fita da ita, ya dawo hannu wofi.

Sai ma'aikacin da ke kula da ɗakin ya dubi abokin aikinsa, ta saman kan Gwaggo, ya nuna ƙarshen baranda da yatsa ya ce: "Wagga ka sosiyal ce. A kai ta can su san yadda za su yi da ita." Malam Illa ya ce namiji ne ya faɗa, Saratu ta ce mace ce. A kan kalmomin kuwa ba su saɓa ba.

Da Faransanci, ka sosiyal na nufin mai ƙaramin ƙarfi wanda ya kamata hukuma ta tallafa wa. A kunnen Bahaushiyar da ba ta shiga lakwal ba, wato makarantar boko, abin da ya fara fitowa shi ne kaso, gidan yari. Gwaggo ta bi yatsan da ido. Ta ga ƙofar ƙarfe, da taga mai sanduna, da mai gadi cikin kaki zaune a benci. An yi wa ɗakin haka ne saboda a ciki ake ajiye maganin da ake bayarwa kyauta, amma babu wanda ya gaya mata. Ita kuwa ta san kaso da idonta. A zamanin soja masu tsaron daji sun taɓa kulle mahaifina saboda ya sassaro wa awaki reshen gawo, kuma ita ce ta riƙa kai masa tuwo, ta ga yadda aka fito da shi da askakken kai.

Ta jira Malam Illa ya fita sallar azahar, sannan ta ce wa Saratu: "Ƴar'uwa, riƙa mini ɗiyar ga in ɗaura zane."

"Ina za ki da wagga ƙahwa, Habsu?"

"Gida. Talauci dai na yi, ban yi sata ba."

Ta goya ƴarta, ta lallaɓa ta fita, ta hau kabu-kabu. A Jiratawa ta ƙi komawa, ta kuma ƙi faɗin dalili, domin a wurinta abin kunya ne a ji cewa an so kulle ta. Mun ɗauka taurin kai ne. Ba ta yi arba'in ba ta rasu. Sai da Saratu ta taso daga Tibiri ta zo gaisuwa, ta maimaita mana abin da Gwaggo ta ce mata, sannan muka gane daga me ta gudu.

Ni ba likita ba ne, kuma ba zan yi rantsuwa cewa da ta shiga ɗakin nan da ta rayu ba. Kwana na hannun Allah. Wani likita da na bayyana wa alamun ciwon ya ce mini irin maganin da take bukata yakan kasance a ɗakunan nan, amma shi ma ya ƙi rantsewa. Abin da zan iya tsayawa a kansa shi ne, taku kaɗan ne tsakaninta da taimakon da aka tanada domin irinta, aka kore ta da kalma ɗaya, kuma wanda ya furta ta Bahaushe ne ɗan'uwanta.

Wannan ne ke hana ni sukuni. A shekarun nan ɗin, masu neman ƙuri'a sun sha zuwa Jiratawa da motoci da makaɗa da atamfa mai hoton fuska. Ko ɗaya daga cikinsu bai yi wa Gwaggo Faransanci ba. Sun samo Hausar ƙuri'a, da ta akwati, da ta ƴancin talaka, sun zauna a tabarma sun koya mata yadda za ta naɗe takarda ta jefa. Ta bar ban-ruwa ta shiga layi cikin rana ta zaɓe su. Da ta kwanta a gadon asibitin gwamnatin da ta zaɓa, Hausar ta ƙare.

Saboda ita na tafi Yamai karatun aikin kula da jin daɗin jama'a. Digirin farko, wanda muke kira lisans, shekara uku aka tsara masa. Ni shekara bakwai na yi. An soke mana shekaru saboda yajin aiki, soja sun karɓi mulki, sun bayar, mun kwana da yunwa muna jiran tallafin ɗalibai. Ban raina abin da na koya ba. An koya mini sauraro ba tare da yanke hukunci ba, da riƙe sirrin mutum, da ziyarar gida, da dokokin da ke kare yara da masu naƙasa. Ilimi ne na gaske, kuma wasu malamanmu sun riƙa koyarwa alhali ba a biya su ba. Amma a duk shekarun nan, a iyakar darussan da na halarta, ban ji an tambaye mu ko sau ɗaya ba yadda za mu gaya wa manomiya sunan aikinmu da harshenta.

Da na zo rubuta kundin kammalawa, na sa labarin Gwaggo a babi na biyu, ba tare da sunanta ba, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Ranar kare kundin, shugaban malaman da ke jarraba ni ya juya shafukan da bakin alƙalami ya ce wannan hira ce ta zaure, ba bincike ba, a cire ta ko a dawo zama na gaba. Da muka fito baranda ya dafa kafaɗata, ya koma Hausa, Hausar yankinmu tsantsa.

"Yaro, kada ka ɓata ma kanka lokaci. Kai ma ka san jahilci ya kashe ta."

"Jahilcin wa, Malam?" na tambaye shi.

Ban cire babin ba. Zama na gaba ya faɗa cikin wani yajin aikin, na yi asarar shekara guda, aka ɗauki ƴan ajinmu aiki ban da ni. A ƙarshe an ba ni takardar da maki mafi ƙanƙanta da ake wucewa da shi. Tana rataye a ɗakin mahaifiyata, kuma ba na jin kunyar makin.

Yanzu ina bautar ƙasa a irin ɗakin nan mai ƙofar ƙarfe, a wani asibiti cikin Maraɗi. Nakan tambayi kaina abin da Gwaggo za ta ce da ta ga yau. Za ta ga farar hula sun dawo, jam'iyyu sun sake sunaye, ƴarta Nana ta girma tana zuwa lakwal a Jiratawa. Za ta yi dariya ta ga Mushenta da tebur da kujera. Sannan za ta ji ana kiran kalmar nan daga wannan ƙarshen baranda zuwa wancan, kamar jiya. Na roƙi a rubuta sunan ofishin da Hausa a jikin ƙofa, a kuma umurci ma'aikata su riƙa faɗinsa. An ce mini harshen aiki Faransanci ne, kuma sai umurni ya zo daga sama. Na rubuta da alli, aka goge.

A watan jiya na hango wata mata, daga wani ƙauye bayan Tibiri, ta saɓi yaro mai zazzaɓi tana sauri ta nufi ƙofar fita, tana waiwaye. Na san wannan waiwayen duk da ban taɓa ganinsa ba. Na bar tebur na bi ta da gudu, na cim mata a wurin masu kabu-kabu.

"Inna, tsaya. Ba kaso ba ne."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "To in ba kaso ba ne, mi ne ne?"

"Ɗakin taimako ne. Magani za a ba yaron, ba a amsar ko dala."

Ta gyara yaron a kafaɗa. "To mi ya hana su ce haka?"

Yaron ya warke, sun koma gida. Ban ba ta amsa ba a ranar, domin duk amsar da na sani ba ta dace a faɗa wa uwa mai ɗauke da mara lafiya ba.

Gwaggo ba ta bar dukiya ba. Filin zogalarta yana hannun Malam Illa, Nana kuma ta ɗauko dariyarta. Abin da ta bar mini shi ne benci ɗaya da na fitar waje, gaban ƙofar ƙarfen, inda nake zama yanzu domin duk wanda aka nuno wa wurin da yatsa ya fara ganin mutum kafin ya ga sanduna. Wannan babu umurnin da ya hana shi tukuna. Allah ya jiƙan Habsu, ya sa ta huta. Ku kuma da ke sa hannu a takardun digirinmu, da ku da kuka iya Hausa ranar zaɓe, tambayar matar nan taku ce, kuma shekara tara ke nan tana jiranku: me ya hana ku ce haka?