'Yar Ƙararrawar Gefen Gado

Yana laluben aljihunsa a gaban teburin shago, kamar kowace safiya. Dattijo ne siriri, tabarau ɗaure da zare, yatsu duk tabon ƙunar dalma. A shagon nan ake sayar da ƙananan allunan lantarki masu haɗuwa da juna, tsarinsu a buɗe ga kowa. Mai shagon ya ce da irin allunan ne dattijon ya haɗa na'urar da ke ƙara idan matarsa mai ciwon mantuwa ta sauka daga gado. Idanun dattijon na wanda ya manta barci mai nauyi ne.

Yanzu guntu-guntu yake dawo da na'urar, yana zubawa a kwalin kyauta na masu koyo. Yau saura ƙararrawar.

"Kawo a gwada, Baba," in ji mai shagon, ya jona mata batir.

Ta yi ƙara. Dattijon ya zabura, ya miƙa hannu gefensa zai tare wani. Iska ya kama.

"Lafiyarta lau," ya ce. "Mai tashin ce babu."

Ya ajiye ta a kwalin, ya sake ɗauka, ya mayar da ita aljihun ƙirjinsa. Yana fita, tafinsa dafe da wurin.