Shafin da Ya Karkace a Wayar Baba

Duk wanda ya ja durowar teburin Auta a ofis sai ya yi dariya. Tsofaffin wayoyi ne maƙil a ciki, wata fuskarta ta tsage, wata an ɗaure ta da roba. Aikinta tsara shafukan intanet, kuma ba ta sakin shafi sai ta buɗe shi a kan kowace ɗaya. Abokan aiki suna tsokanar ta wai ta buɗe asibitin wayoyi. Ita dai murmushi take yi, don ta san mafarin abin.

Mahaifinta kafinta ne, irin mutumin da in ya je gidan wani ya ga tebur yana rawa, ba ya iya shan ruwa sai ya gyara masa ƙafa. Tun da ta fara aiki, duk shafin da ta gama sai ta tura masa, shi kuma ya amsa da "Madalla, Allah ya yi albarka." Daga nan ba ƙari. Wannan gajeriyar amsa ta daɗe tana ci mata rai, don babu yabon da take so a duniya kamar nasa.

Wata rana ta biya ta shagonsa, ta tarar yana nuna wa maƙwabcinsa mai fenti aikinta. Ta leƙa ta kafaɗarsa, sai ta ga shafin a hargitse. Rubutu ya hau kan hoto, maɓallai sun zube gefe guda, sunan kamfanin ya rabe biyu. Burauzar wayarsa, wato manhajar da ke buɗe shafi, ta tsufa har ba ta gane fayil ɗin da ke gaya wa shafi inda komai zai zauna. Ashe duk shekarun nan abin da yake gani ke nan, yana kuma kare ta da cewa ai haka ake yayi yanzu.

Ta ce za ta saya masa sabuwar waya, ya ce atafau, wannan ta saba da yatsansa. Ta san halin kayanta, ba ta ja ba. Ta ari wayar ta koma ofis, ta rubuta 'yan layukan da za su riƙa gane irin burauzar da ta buɗe shafin. In tsohuwa ce, a miƙa mata wani fayil mai sauƙi wanda za ta iya karantawa. Da za ta adana fayil ɗin, sai ta sa masa suna baba.

Ranar da ta mayar masa da wayar, ya sa tabarau ya daɗe yana kallo. Can ya ɗauko rularsa daga kan benci, ya ɗora a fuskar wayar. Komai ya miƙe sambal.

"Auta, wannan naki ne?"

"Nawa ne, Baba. Da ma can haka suke. Wayarka ce take hargitsa su."

Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share ido.

"Wallahi na daɗe ina yi miki addu'a a ɓoye," ya ce, "kada mutanen nan su gane ba ki iya aiki ba."

Daɗi ya kama Auta. Shi kuwa tuni ya ɗauki wayar da rular ya nufi shagon mai fenti, ko ƙurar katako bai tsaya kakkaɓewa ba.