Shari'ar Akuya a Saman Bene

Yanar ido ce ta kai ni Kuala Lumpur. Likita ya cire ta, ido ya buɗe tar, sai kuma aka rufe duniya saboda annoba. Ga ido sabo fil, babu abin kallo sai bangon benen maƙwabta.

Wurin 'yata na sauka, a wani dogon bene a Pantai Dalam. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwata nake ce mata. Kuma 'yar fari ce, kun dai san yadda muke da ɗan fari: tun tana ƙarama zancenmu bai wuce "an tashi lafiya" da "Allah ya yi albarka" ba. Mijinta yana neman digirin nan na dakta wanda ba ya yin allura, kullum yana ɗaki da kwamfuta. Jikokina in na ce "yaya karatu?" sai su ce "okay lah", su wuce. Masallaci a rufe. Ni da nake shugabantar majalisa guda a ƙofar shagon ɗinkina, aka bar ni da taga. Jirgin ƙasa ya wuce ba kowa a ciki, in ɗaga masa hannu.

A cikin kullen nan Uwata ta shiga karatun aikin shari'a ta waya, a wata kwaleji irin wadda ake shiga da goyo a baya, ba jami'a mai girman kai ba. Da yake ni ma ɗan boko ne, na taɓa elemantare kafin ta gaji da ni, sai na yi bincike.

"Lauya za ki zama?"

"A'a Baba, mai taimaka wa lauya. In saurari mai ƙara, in tsara bayaninsa, in nemo dokar da ta dace, in haɗa takardu. Shi lauya ya shiga kotu."

"Wato ke ki yanka ki ɗinka, shi ya sa rigar ya tafi Idi."

Ta rufe baki tana dariya. Ta ce in ta gama, ko ofishin lauya, ko rajistar kotu, ko kamfani, ko masu tsaya wa marasa gata. Na ce duk na amince, tamkar an tambaye ni.

Rannan bayan la'asar ta zo ta durƙusa, tana kallon tabarma. Malamarsu ta ce kowa ya samu mutum ya gwada ɗaukar bayanin mai ƙara. Gari a kulle, miji ba lokaci, yara ba hankali. Saura ni.

Ban taɓa kai kowa ƙara ba, amma tela ba ya rasa ƙyalle. Nan take na ɗinka shari'a: akuyata ta ci ramar maƙwabci, ya kama ta ya ɗaure. Na fara da gaisuwa yadda ya kamata, gida da iyali da gajiya, sannan na ɗauko daga kakan maƙwabcin.

"Baba, malama ta ce a fara da ranar da abin ya faru."

"Uwata, akuya ba daga sama ta faɗo ba. Tana da uwa."

Dokar malamar nan, Allah ya saka mata, ita ce: kada ka katse mai ƙara, kuma ka dubi fuskarsa. Haka 'yar da ba ta taɓa haɗa ido da ni ba ta zauna tana kallona, biro a hannu. Ashe hancin uwarta gare ta sak. Sai da na tsufa aka gyara mini ido na gani.

Na lura in shari'a ta ƙare, zama ya ƙare. Don haka kullum sai na ƙaro shaida. Na kawo mai shayin majalisarmu, na kawo mai gyaran rediyo, na kawo wanzamin da ba ya yarda da maganar kowa. Kowanne sai na faɗi tarihinsa da irin ƙaryar da ya fi ƙwarewa a kai. Ta san ina ja. Ta ci gaba da rubutawa.

Sai waya ta fara zuwa daga gida. Wanzami ya riga mu gidan gaskiya. Ba a jima ba mai shayi ya bi shi. Na yi musu addu'a a bakin taga, ban gaya wa kowa ba, don gidan kowa da abin da ke kansa.

Wata la'asar ana ruwa, tana bin sunayen shaidu, ta ce, "Shi mai gyaran rediyon, za a same shi in an neme shi?"

Na ce, "Jiya aka kai shi."

Ta ajiye biro. Muka saurari ruwa. Can ta ɗauka, ta yi tambayar da aka koya musu a rufe da ita: "To Baba, me kake so a yi maka?"

Na gyara hula, na ce, "A ɗage zama zuwa gobe."

Ta ɗage. Ta yi ta ɗagewa har aka sassauta kulle, kwalejin ta tura ta sanin makamar aiki a wani ofishin lauyoyi cikin gari. Masu ƙara na gaske, ba masu akuya ba. Na sa mata albarka, da gaske nake kuma. Ta fita da safe da takunkumi, ta dawo magariba da abincin saye da suke kira tapau a leda, idonta ja.

"Baba, mu bari sai Asabar."

Ranar Asabar na sa babbar riga, na shimfiɗa tabarma, na tanadi sabon shaida. Barci ya kwashe ta a kujera da takalmi a ƙafa. Na rage ƙarar fanka, na koma taga. Jirgi ya wuce, wannan karon cike da mutane.

Yanzu ina gida, majalisa ta zama benci kawai. In ta kira, a gurguje take, sai dai kafin ta kashe takan ce, "Baba, yaya akuya?"

In ce, "Tana nan ɗaure, Uwata. Ba a yanke hukunci ba."