Kawu Bulus da Humidifier ɗin da Na Ƙi Sawa

Da safen nan ina shirin fita aiki matar Kawu Bulus, Mama Saratu, ta kira ni. Kawu ya rasu jiya a gidansa a Laurel. Ciwon zuciya ne.

Har yanzu ban iya tada mota ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, mutumin Pankshin ne, mai aikin hita da AC. Gidajen mutanenmu na nan ƙasar waje da yawa daga Mitchellville zuwa Upper Marlboro shi ya sa musu furnace, injin ɗumama gida. Idan na tsofaffi ya tsaya, ko ranar Lahadi ce, daga coci zai wuce da kwat ɗinsa.

Akwai abin da ke cina, gara in faɗa.

Shekarar da Mama ta zo zama wurina daga Kafanchan, furnace ɗina ya mutu a farkon sanyi. Kawu ya zo sa sabo. Ya zaunar da ni ya yi min bayanin abubuwan da ake iya ƙarawa.

Ya ce, "Thermostat, abin saita zafin gida, mai haɗuwa da waya gayu ne, ki bar shi. Amma ki sa filta mai kauri, ki sa humidifier, ya riƙa ba iskar gidan laima. Ina jin tarin Mama tun daga basement, can ƙasan gida."

Na gaji ranar, raina a ɓace. Na ce, "Kawu, kai ma ka koyi halin 'yan kamfanin nan? A kira ku don abu ɗaya ku kawo uku?"

A gaban Mama na faɗa.

Sai ya ce, "To, 'yata." Ya sauka ya gama aikinsa tsaf.

Kafin ƙarshen Janairu hancin Mama ya fara haɓo, tari ya hana ta sakat. Ni nas ce, na san bushewar iska ce. Kunya ta hana ni kiransa, na kira wani kamfani. Wanda ya zo ya ce duk wanda ya sa furnace ɗin nan ya bar wa humidifier wuri, har bututun ruwa ya jawo kusa.

Zuwansa gidana na ƙarshe watan Oktoba ne, ya zo duba furnace kafin sanyi. Ya ga na'urar da ba shi ya sa ba. Ya haska ta da tocila, ya taɓa nan, ya taɓa can.

Ya ce, "Sun sa shi daidai. Mama ta samu sauƙi?"

Na ce ta samu.

"To, shi ne magana."

Ya nuna min yadda zan riƙa canja abin cikin na'urar duk shekara. "Ka yi haƙuri" tana bakina, sai na ɓuge da tambayarsa ko zai sha zoɓo. Na ce a raina zan faɗa masa a coci. Muka yi ta gaisawa duk Lahadi, ban faɗa ba.

Kawu, ka yafe min.

Ubangiji ya ba ka hutawa, ya ta'azantar da Mama Saratu da yaranku. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa su cikin addu'a. Ni ma ku sa ni.