Kada Wanda Ya Ƙona Akwatin Malam Sabo

Da safen nan ina bakin get a Fatakwal, ban ma tashi daga gadi ba, ƙanena ya bugo min waya. Malam Sabo mai 'yar tsana ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Har an kai shi. Ni kuwa ina nan ina buɗe wa motocin mutane ƙofa.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne dattijon nan da ke zaga ƙauyukan Kura da Bunkure a keke da akwatin katako. A ciki 'yan tsana ne da matarsa, Yaya Rabi, ke ɗinka masa da tsofaffin safa. Sai ya ɗaura zani tsakanin bishiya biyu, ya tsuguna a baya, ya zura hannu, safa ta fara magana. Da haka ya raba yaranmu da wanka a kanal saboda tsargiya.

Na ga masu rubuta "mun yi babban rashi." Da yawanku ku ne kuka ce mutum da furfurarsa ya koma wasan yara. Ba zan ɓoye ba, har da ni.

Kun san halinmu manoman rani. Maganin feshi na ƙarewa sai mu ɗauraye gorar, mu ɗura ruwa ko kunu, mu wuce gona. A akwatin Malam akwai wani Tanko Sarkin Taurin Kai, da ke sha a irin gorar nan ya faɗi yana shure-shure. Daga nan sai a ce wa yara: ku je ku ce wa Baba ya huda gorar ya binne.

Hadiza 'yata, lokacin shekararta bakwai, ta gaya min sau uku, ina korar ta. Rannan na cika gora zan tafi gonar tumatir, sai ga ruwa na tsiyaya. Duk gorunan ta bi ta huda da ƙusa.

Na tare Malam a bakin kasuwa na zazzage masa tas. Sai da na gama ya ce, "Ɗanlami, ni cewa na yi ta sa ka huda. Tunda ta riga ka, ungo tawa." Ya kwance gorar ruwansa daga keke ya miƙo min.

A ranin nan aka kwantar da yaran maƙwabcina biyu a asibiti saboda kunun da suka sha a irin gorar. Ɗaya bai dawo gida ba.

Ban taɓa zuwa na ba Malam haƙuri ba.

Ganinmu na ƙarshe a tasha ne, ranar da zan taho nan bayan tumatir ya karya ni. Ya ce, "Masu gadi akwai sa safa. In ta huje kar ka yar, aiko min, Tanko na neman ƙane." Shekara uku ina tarawa a leda. Ban aika ba.

Yanzu ƙanena ya ce wasu dangi sun shirya ƙona akwatin bayan addu'ar uku, wai gumaka ne, za su hana shi kwanciyar kabari. Ni ba malami ba ne, kuma na san wasunsu tsoron Allah ne ya sa su. Amma liman ya sha kawo jikokinsa gaban zanin nan. Ku je ku tambaye shi kafin ku ƙyasta ashana. Ku tambayi maƙwabcina ma.

Na kira Yaya Rabi gaisuwa. Ta ce akwatin na ƙarƙashin gadonta. "Ni na ɗinka su, Ɗanlami, muryoyinsu ma na iya. Mai son ƙonawa sai ya fara ɗaga ni." Ta ce tana fita takaba za ta ɗaura zanin a tsakar gidanta.

Duk wanda ke kusa, ya je ya tsaya mata. Ni gobe ledar safa za ta hau motar Kano.

Allah ya jiƙan Malam Sabo, ya haskaka kabarinsa, ya sa yaran da ya tsare su zame masa hujja. Wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a. Ni kuma ku roƙa min Allah ya yafe min abin da na gaya masa a bakin kasuwa.