Shekarar da Na Riƙe Tutar Auta

Zan fara da neman afuwa. Abin da zan ba da labari ya kwana biyu, kuma ni mutum ne da bai cika yarda da ƙwaƙwalwarsa ba. Mai yiwuwa na sa maganar wani a bakin wani, ko abin da nake zaton da hantsi ya faru ashe bayan La'asar ne. Abu ɗaya nake da tabbaci a kansa, shi ne kuskuren da aka yi, domin nawa ne.

A lokacin mu huɗu ne a gidanmu na unguwar Ka'akiyya a Makka: Baba, Umma, ni, da ƙanina da kowa ke kira Auta. 'Yan'uwanmu mata duk suna gidajen mazajensu. Kakanmu da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano, ya biyo ta Sudan, ya zauna a Makka. Tun daga kansa, in ji Baba, ba a yi shekarar da gidanmu bai yi wa alhazai hidima a Mina ba. Aikin Baba jagoranci ne. Kamfanin da yake yi wa aiki yakan ba shi ayarin tsofaffi masu jin Hausa, ya kai su jifa, ya dawo da su tanti. Aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana gaba riƙe da tuta a kan doguwar sanda don kowa ya hango, ɗaya yana baya yana tattara masu jan ƙafa. Da gwiwar Baba ta fara ciwo sai ya koma baya, Auta ya karɓi tuta.

Ni kuwa ban taɓa riƙe ta ba. Kullum ina da uzuri mai kyau, ko jarrabawa, ko shirin jarrabawa. Da na gama jami'a na sami aikin ofis, sai uzurin ya zama gajiya. Gaskiyar magana, tsoron cunkoso nake yi, kuma ina jin kowa a gidan ya sani, kara kawai ake yi mini.

Auta yana da shekara goma sha biyar lokacin da wani koci ya gan shi yana buga ƙwallo a filin da ke bayan masu gyaran mota. Ya biyo shi har gida, ya ce wa Baba akwai makarantar kwana ta ƙwallon ƙafa a Jidda, yara suna karatu da safe, suna atisaye da yamma. Kuɗinta na shekara guda ya kusa cinye duk abin da aikin Hajji ke kawo mana. Amma ya ce a ƙarshen shekara ana kai yaran sansanin horo a duwatsun kudu, inda ake da sanyi, a can ake zaɓar waɗanda za a rage wa kuɗin shekara ta biyu. Mun san shekara ɗaya za mu iya. Ta biyu kam, sai da ragin.

Baba ya miƙo mini takardar yarjejeniyar.

"Kai ne mai digiri. Karanta, ka faɗa mana."

Mako biyu na yi ina karantawa. Sau uku na bi ta daga farko har ƙarshe da jan biro. Na tambayi wa zai biya asibiti in yaro ya karye, malaman lissafinsu suna da takarda ko babu, ana tashin yara sallar Asuba, me ake ba su da rana. Na yi ta buga waya har mai ɗaukar wayar makarantar ya riƙa gane muryata tun daga sallama.

"Yaron nan furfura zai yi kafin ka gama," in ji Umma.

Ranar da Baba ya gaji ya tsare ni a falo, na ce a iya fahimtata, in ba wani abu ya ɓoye mini ba, ina ganin kamar babu laifi.

"I ko a'a?"

"I, amma…"

"Halas, shi ke nan. Ya ce i. Kawo biro."

A shafi na ƙarshe akwai sakin layin da ya yi maganar sansanin nan, da ranar farawa da ranar gamawa. Na ja masa layi ma. Sai dai da lissafin Miladiyya aka rubuta ranakun, mu kuwa a gida da watan Musulunci muke rayuwa, ban kuma juya su ba. Na daɗe ina tambayar kaina dalili. Ina jin dalilin shi ne, wanda ya tashi a Makka ba ya kawo wa ransa cewa wani zai sa wani abu a kwanakin Hajji. Ba a sa biki, ba a tashi gida, ko mai fenti ka kira zai ce maka sai bayan alhazai sun tafi. Ban taɓa tunanin cewa tafiyar awa guda daga ƙofarmu akwai mutanen da kwanakin nan hutu ne kawai a wurinsu, lokacin da yara ba su da aji, wanda ya dace da sansani.

Auta ya tafi. Duk ƙarshen mako na biyu yana zuwa gida, kafaɗunsa suna ƙara faɗi, Hausarsa tana ƙara guduwa. Umma ta ɗinka masa ƙullin yaji a cikin rigar matashin kai, domin an ce ba a shiga da abincin waje. Ya ce ɗakinsu gaba ɗaya sun koyi barbaɗa shi a kan dafaffiyar kaza, har wani ɗan masu kuɗi yana tambayar a wane kanti ake sayarwa.

Wata Juma'a bayan ƙaramar Sallah muna cin abincin rana, Auta ya faɗi ranar da za su tafi sansani, yana ta murna. Umma ta ɗaga kai ta dubi kalandar kantin magani da ke jikin bango, mai lissafi biyu. Ta tashi, ta buɗe shafi, ta ɗora yatsa.

"Wannan ai bakwai ga Zulhajji ne."

Baba ya ajiye cokali.

"Wane ne yake buga ƙwallo ranar Arfa?" Sai ya juyo wurina. "Kai ba ka karanta takardar ba ne?"

"Na karanta, Baba."

"Sau nawa?"

"Sau uku."

Ban taɓa jin lamba ta yi mini nauyi a baki kamar wannan ba.

Maganar a fili take. In Auta bai je sansani ba, babu zaɓe, babu ragi, makaranta ta ƙare. In ya je, Baba ba shi da mai riƙe tuta, gwiwarsa kuma ba za ta kai shi gaba ba. Baba ba ya ba bare tutarsa, ya ce bare ba ya jiran tsoho. Na buga wa kocin waya. Ya saurare ni cikin mutunci, ya ce ya fahimta, amma doka ɗaya ce ga kowa, rashin lafiya kaɗai ake ɗaga wa ƙafa. Da na faɗa a gida, Baba ya ce to ai shi ke nan, in rubuta cewa yaron ba shi da lafiya, tunda na iya Larabcin ofis.

Na ce a'a. Ina jin shi ne karo na farko a rayuwata da na faɗi kalmar nan ban bi ta da "amma" ba. Baba ya dube ni kamar wanda kujera ta yi wa magana.

Auta ya ce a bar zancen, tuta tasa ce, zai dawo gida. Ya faɗa yana dariya ma. Amma washegari da safe na same shi a bakin famfo yana wanke takalmin ƙwallonsa da tsohon buroshin haƙori, ƙusa bayan ƙusa, takalmin da ko datti babu a jikinsa.

Umma ce ta yanke hukunci, tana tsintar shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Wanda ya karanta takarda shi zai riƙe tuta."

"Wannan?" in ji Baba. "Wannan da yake ɓacewa a cikin kantin sayayya?"

"Ɗanka ne ko ba ɗanka ba ne?"

Bayan kwana biyu Baba ya je kamfani aka cire sunan Auta aka sa nawa.

Kafin Auta ya koma Jidda ya kai ni Mina da sassafe. Babu kowa, sai fararen tantuna da ma'aikata suna gwada na'urorin sanyaya iska. Ya miƙa mini sandar tsintsiya ya ce in ɗaga. Muka yi ta tafiya, ina rubutu a ɗan littafi, yana ƙwacewa.

"Yaya, da wane hannun za ka buɗe littafi? Duba nan. Kada ka kalli ƙafafun mutane, kafaɗunsu za ka kalla. Inda kafaɗu suka karkata, can hanya za ta buɗe. Kuma kada ka yi sauri. Tsohon da ya fi kowa nawa, shi ne agogonka."

"To in na yi shakkar hanya fa?"

"Ka yi shakkarka a ciki. Wallahi Yaya, in ka ce musu 'wataƙila', sun watse."

Ranar Sallah muka fita jifa da tsofaffi wajen talatin. Zuwa bai ba ni wahala ba, domin kowa wuri ɗaya ya nufa. A dawowa ne muka tarar jami'ai sun rufe hanyar da Auta ya nuna mini, suna juya mutane ta wata. Na bi. Muka fito wani wuri da ban taɓa gani ba. Rana ta take, Baba yana can baya ban ko hango shi, tsofaffi sun taru a kaina suna haki. Wata hajiya 'yar Sakkwato, ƙarama kamar yarinya, ta ja mini hannun riga.

"Kai ɗan nan, ka san hanya kuwa?"

Kalmar nan 'wataƙila' ta zo har kan harshena. Na haɗiye ta. Na ce, "Na sani, Hajiya. Ku sha ruwa tukuna." Sannan na juya baya na buga wa Auta waya, ina addu'ar a ce lokacin hutunsu ne. Bugu ɗaya ya ɗauka. Daga baya ya ce tun safe wayar tana cikin safarsa.

"Me kake gani?"

"Tantuna."

"Yaya, Mina duk tantuna ce! Gada fa? Tana damanka ko hagunka?"

"Hagu. Ina jin hagu."

"Ɗaga hannun da kake cin abinci da shi. Tana wajen?"

"A'a."

"To hagu ce. Sa ta a bayanka ka miƙe, har ka ga wurin alwala. Kuma ɗaga tutar nan, ta sauka."

"Ya aka yi ka sani?"

"Na san ka."

Haka ya tafi da mu, yana can kan dutse cikin sanyi, ni ina nan gumi yana shiga mini ido. Ya san inda inuwa take a wannan lokacin, ya san kwanar da masu keken guragu ke cunkushewa. Da muka iso tanti na tsaya a ƙofa ina ƙirga kawuna, na sake, na sake. Baba ne ya iso ƙarshe, yana ɗingishi, riƙe da hannun wani tsoho. Ya dubi tutar, ya dube ni.

"A karkace take," ya ce. Sai ya miƙo mini gorar ruwansa, wadda ba ya ba kowa.

An zaɓi Auta. Ya yi shekara ta biyu da ragi. Bayan nan babu babbar ƙungiyar da ta ɗauke shi, kamar yawancin yaran da suka shiga tare, in dai abin da nake ji daidai ne. Yanzu yana buga wa wata ƙaramar ƙungiya, da yamma kuma yana koyar da yaran unguwa a filin nan na bayan masu gyaran mota. Ya taɓa faɗa mini cewa ranar Arfa ta waccan shekarar, da ya ga filin Arfa a talabijin, sai ya shiga banɗaki ya kulle don kada yara su ga idonsa. Tun daga nan bai sake rasa Hajji ba. Tuta ta koma hannunsa. Ni nake baya yanzu, a gurbin Baba, ina tattara masu jan ƙafa, kuma ina ganin aikin ya dace da mai yawan waiwaye.

Maƙwabta sukan zo da irin takardar nan su ce in duba musu, su tambaye ni ko makarantun nan sun cancanci kuɗinsu. Ba na iya ba su amsa ɗaya. Auta ya fito da ladabin lokaci, da jiki mai lafiya, da sanin yadda ake koyar da yaro ba tare da tsawa ba, kuma da wannan yake ci yau. Amma abin da kocinsa ya fi yabo, wato yadda yake hango gurbi kafin ya buɗe, shi da bakinsa ya ce a hanyar jifa ya koya, kyauta. Baba yana cewa makarantar asara ce. Hoton sansanin kuma yana cikin aljihun jallabiyarsa, na gani. Abin da nake iya faɗa wa maƙwabta ba tare da "amma" ba shi ne, kada su sa hannu a kan abin da ba za su iya ɗauka ba in yaron ya dawo gida, kuma su kai takardar gaban kalandar bango su juya kowace rana.

Iyakar abin da na riƙe ke nan. Baba ya rantse bai taɓa cewa a rubuta rashin lafiya ba, wai shawara kawai ya kawo. Umma ta ce sau huɗu na karanta takardar, ba uku ba. Auta kuma ya dage cewa gadar tana dama. Duk wanda yake wurin, ko cikin 'yan'uwa ko cikin alhazan da suka bi karkatacciyar tutar nan, in ya ga inda na kauce, ina roƙonsa ya aiko mini in gyara. Musamman hajiyar nan ta Sakkwato, in Allah ya sa tana raye, ko jikokinta: na ce mata na san hanya, alhali ban sani ba, kuma har yau ina so in nemi gafararta.