Kamu Biyu Daga Ƙasa

Nafissa ta daɗe tana zaton Delu sunan labule ne. A gidansu na Tawa, in rana ta leƙo ɗaki, mahaifiyarta kan ce, "Saki Delu." In yara sun gama cin tuwo kuma ta ce, "Kada wanda ya goge mini hannu da Delu." Sai da ta yi wayo ta gane Delu mutum ce, yayar babanta da ke Yamai, wadda ta ɗinka labulen ta aiko da shi.

Da aka kawo Nafissa Yamai karatun lise, wato babbar sakandare, wurinta aka sauke ta. Ta tarar da Gwaggo Delu a Zango, cikin ɗakin haya guda bayan shagon wani mai sayar da bokitai. Ɗakin ba taga, ƙofa kaɗai. Kullum safiya sai ta jawo keken ɗinkinta bakin ƙofa, tana matsawa da shi duk inda haske ya matsa. Mijinta direba ne, ya rasu tana da sauran ƙuruciya, tun daga nan keken ke ciyar da ita. Delu Rido ake ce mata, rido kuwa labule ne da Faransanci, don rabin labulen gidajen ma'aikatan unguwannin nan daga hannunta suka fito.

Ba ta taɓa riƙe abin awo ba. Da kamu take aunawa, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kamar yadda uwarta ke auna zane. Ta san tagogin mutane sarai. Nako, mai jeren gilasai, yana shigo da iska amma yara na fasawa. Na ƙarfe kuwa, in watan zafi ya kama, ko taɓa shi ba a yi. In ta dawo daga rataya labule sai ta zube kan tabarma tana matsa gwiwa, ta ce, "Yau ma na tare wa wasu rana, ni ko ganinta ban yi ba."

A hankali ta gina ɗaki biyu a unguwar Talaje, bulo bayan bulo, har idonta ya soma yin hazo. Abu ɗaya take so a gidan: taga mai faɗi ta fuskar gabas, ƙasa-ƙasa, yadda tana zaune za ta ga titi, ta kuma ga kafar allura tun idon bai ƙarasa tafiya ba. Labulen ma ta riga ta ɗinka, shuɗi mai kauri, yana ninke a ƙasan akwati.

Ranar da za a bar gurbin taga gwiwa ta hana ta fita, sai ta kira Faisal magini a waya.

"Biyu daga ƙasa, ɗana. Ka ji ko? Biyu."

"Na ji, Inna. Biyu."

Ita kamu take nufi, shi kuma metir ya sani. Bai ma yi mamaki ba, don haka ya saba yi wa ɗakin mata, taga can sama yadda mai wucewa ba zai leƙa ba. Da yake tagar ta kusa kai rufi, sai ya tsuke ta.

Ran tarewa Gwaggo ta tsaya tsakar ɗaki ta ɗaga kai. Tagar tana can kusa da kwano, an kafa mata ƙarfe an shafe gefenta da siminti.

"Faisal, wannan ta tantabaru ce ko tawa?"

"Inna, ke kika ce biyu."

"Ni na ce." Ta dubi hannunta, ta sauke shi.

Baban Nafissa, da ya zo daga Tawa don tarewar, ya ce, "Yaya, a bar ta haka, ai sutura ce. Mace ita kaɗai a gida."

"Mahamadou, wa zai leƙa tsohuwa? Ni ce mai son leƙawa."

Faisal ya ce in damina ta wuce zai zo ya fasa bangon. Damina ta wuce, ya tafi wani aiki Doso. Gwaggo ta sa aka jawo mata keken bakin ƙofa, kamar a Zango. Ba a jima ba zaren ma sai Nafissa ta zura mata, daga baya keken ya yi shiru. Bara ta rasu, labulen bai fito daga akwati ba.

Yanzu Nafissa ce a ɗakin, ita da mahaifiyarta da ta taso daga Tawa. Kwanan baya uwar ta warware labulen ta ce zai yi uku in an raba, har ta ɗauko almakashi. Nafissa ta karɓe ta ninke, ta fita neman wani magini. Ba ta manta da wani hantsi ba, tana zura allura, Gwaggo ta kama hannunta ta ce:

"Nafissa, ko bayan raina, kada ki bari a rage labulen nan. Ki sa a sauko da tagar. Ki auna da hannunki, kamu biyu, ki tsaya a kansu har su gama."